Dakta Luba ba ta samu komawa Tozai ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsakiyar kwashe ƙwai aka kira ni a waya, wai Dakta Luba ta rasu. 

Ga waɗanda ba su san ta ba, likitar dabbobi ce a nan Sabon Birni, kuma ƙawata ce tun lokacin da na fara kiwon kajin ƙwai.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero ya bushe a tsaye, zafi ya sa kajina suka fara faɗuwa. Na yi abin da kowa ke yi, ina fasa kafso ja da rawaya, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ruwan shansu kullum, da mai ciwo da mai lafiya. Ta zo ta gani, ba ta yi mini faɗa ba. Ta naɗe hannun riga, muka jiƙa buhuna muka rataya a tagogi, muka ware marasa lafiya gefe. Sai da muka gama ta ce idan ƙwayoyin cuta suka saba da magani, ranar da ake buƙatarsa da gaske ba zai ci su ba, ko a jikin kaza ko a jikin yaro.

Ba ta iya ganin abu ta wuce, halinta ke nan.

Bana da damina ta sake yi mana gardama, sai ta ɗauko wani aiki. Tana so ta gane ko kajin gida masu yawo a tsakar gida sun fi namu na gona tsira daga wannan matsala. Ta riƙa hawa mashin da 'yar kularta zuwa Gangara, Unguwar Lalle, har Tozai ta ƙasar Isa, tana ɗibar kashin kaji ana kaiwa gwaji Sakkwato. Ni kuwa tsiya nake mata, duk wannan karatun a ƙare a tsintar kashin kaji! Dariya kawai take yi.

Kaji dukiyar mata ce, kuma namiji ba ya shiga cikin gida, shi ya sa aikin ya zama sai ita. A Tozai akwai wata tsohuwa, Inna Hassi, da ke riƙe da jikoki marayu. Rumbunta babu komai bana, ƙwan kajinta ne abincin gidan. Ita ta fara buɗe wa Dakta ƙofa, ta kuma sa ta yi alkawarin dawowa ta faɗa mata gaskiyar abin da aka gani.

Makon jiya ta biyo ta gonata. Ta rame, amma ta ce gajiya ce. Ta zauna a kan bokiti, na dafa mata ƙwai, ta ci ɗaya da kyar. Ta ce sakamako ya fito: kajinmu na gona sun fi yawan ƙwayoyin da ba sa jin magani, amma na gidan ma ba su tsira ba. Matan na juye musu ragowar maganin yara a kaskon ruwa don tsoron kada su mutu, kuma a wannan tsakar gidan yaran ke rarrafe.

Na ce ta aika musu saƙo ta waya mana, ga hanya ba daɗi.

Ta ce, “A'a. Matan ga sun bar ni na shiga har ɗakunansu. Da ƙahwata za ni, in gaya musu ba laihinsu na ba, in nuna musu abin da za su yi.”

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Wallahi ina jin zafin ban matsa mata ta je asibiti a ranar ba.

Ya Allah Ka gafarta wa Luba, Ka yalwata kabarinta, Ka sa wahalar da ta sha a kan hanyoyin nan ta zama nauyi a mizaninta. Ka ba iyayenta da 'ya'yanta haƙuri, mu kuma Ka shayar da mu ruwa mai albarka.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki. Bayan sadakar uku za ni Tozai in isar da saƙonta, kuma Inna Hassi ba ta ji labarin rasuwar ba tukuna.