Matar da ta raba ni da tsoron lissafi

Ni dai da a nuna mini lamba a takarda gara a nuna mini maciji. Shekara goma sha ɗaya ina sharar ɗakin magani a wani ƙaramin asibiti, na san mazaunin kowace kwalba, amma sau biyu ina faɗuwa jarrabawar zama mataimakiyar mai ba da magani. Lissafi ke kayar da ni. Dama ɗaya ta rage mini kafin shekaruna su wuce ƙa'ida.

Ƙanwar mijina ce ta kai ni wurin Malama. Malama marubuciya ce mai zaman kanta, yau jarida ta ba ta aiki, gobe kamfanin sabulu na son talla. Da safe rubutu, da la'asar ta ture kwamfuta gefe, mu biyar, duk manya, mu zagaye teburinta. Ita ma sai da ta kai talatin tana gudun lissafi, har ranar da alƙaluma suka kunyata ta a gaban edita. Ta koma ta koya tun daga tushe.

Na ce, "Malama, kaina ne ba ya ja."

"Wa ya gaya miki?"

"Malaminmu na aji huɗu."

"Haba Yaya! Shekara talatin kina yi masa ajiyar magana? Shi fa ya manta da ke."

Dokarta ɗaya ce: ba a taɓa lamba sai an mai da tambayar labari an rubuta. Wa ke rashin lafiya? Me likita ya ce? Haushi ya kama ni, na ce lissafi na zo koyo ko tatsuniya? Ta ce in rubuta tukuna, ma yi faɗan daga baya. Abin mamaki, da zarar mutum ya shigo cikin tambaya sai gabana ya daina faɗuwa.

Ranar jarrabawa na cika gefen takarda da labarai, mai sa ido sai leƙe yake yi. Tambaya uku ban ma kai gare su ba. Na dai haye, da ƙyar da jiɓin goshi.

Makon jiya wata uwa ta miƙo kwalba ta ce kwana nawa za ta yi wa 'yarta. Kafin mai ba da magani ya ɗago kai na ce, "Kwana goma." Ya duba, ya ce haka ne. Na zagaya bayan kantar magani na sha kukana, ina ta sa wa Malama albarka.