Takalmi Ɗaya a Bakin Rijiya

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Ungogo, ni da maigidan da yaranmu biyu, za mu gaida iyayensa a ƙauyensu da ke gaba da Gezawa. Adaidaita ta sauke mu a tasha, muka shiga bas. Kuɗin mota ya sake tashi, amma ba shi ne damuwata ba, na san abin da na haifa. Tun ba mu fita gari ba babban, ɗan shekara huɗu, ya cire wa wani dattijo hula yana leƙa cikinta, ƙanwarsa kuma ta zura hannu a ƙullin gyaɗar wata baiwar Allah. Haƙuri na yi ta bayarwa har muka sauka.

Daga Gezawa babura muka hau. Damina ta yi albarka, gero da dawa sun fi mutum tsayi, gona manne da gona. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rijiyoyin da na riƙa gani a gefen hanya, baki buɗe, ko murfi babu.

An tare mu da fura da nono da kwaɗon rama. Yaron nan dai ɗan fari ne, kuma sunan surukina aka sa masa, don haka Abba nake ce masa a gida. A ƙauye kuwa ko Abban ba ya fita daga bakina. Uwa ba ta kiran ɗan fari a gaban surukai, ba ta kuma nuna ta damu da shi. Sai dai in ce "wancan yaron".

Bayan azahar aka nemi wancan yaron aka rasa. Surukata ta ce yana cikin yara. Yara suka dawo, babu shi. Can sai ga wata yarinya da takalminsa ƙafa ɗaya, ta ce a bakin rijiyar bayan gida ta tsinta.

Innalillahi! Maza suka fita da igiya, maigidan ya kutsa cikin dawa yana ta ƙwala kira, shiru. Ni kuwa ina kan tabarma cikin mata, wai ina tsince wake, ina jiran kunya ta ba ni izinin tashi. Ta saman katanga nake jiyo su suna zura wani saurayi cikin rijiyar. Da ya fito sai na ji ana lissafa abin da ya samo: ludayin fura, butar alwalar surukina, da ɗaya ƙafar takalmin.

Ban san sanda na watsar da waken ba. Na fita ko mayafi babu, na tsaya a tsakiyar maza na ƙwala wa yaron kira da sunansa na yanka, da iya ƙarfina. Surukina yana tsaye a gabana. Bawan Allah, kafin ya ankara ya ce, "Na'am."

Sai wata 'yar murya daga cikin rumbu ta ce, "Na'am, Umma."

Ashe bayan ya gama jefa kayan mutane a rijiya, tsanin da aka bari jikin rumbu ya hau, ya dira ciki. Aka zaro shi fari fat da ƙura, yana soshe-soshen ƙaiƙayi. Ubansa ya daka masa tsawa: "Ba ka ji muna kiranka ba?"

"Na ji. Ai ɓuya nake," in ji shi. "Da Umma ta faɗi sunan Baba Tsoho ne na ji tsoro kar a dake ta."

Kowa ya fashe da dariya, ni kuwa kuka na durƙusa ina yi. Har muka yi sallama ban iya haɗa ido da surukina ba. Shi ne ya rako mu bakin hanya, ya ce, "'Yata, da tun farko kika kira. Sunan nawa ne, na yafe miki."

Mun iso gida ana kiran magariba, yaron na barci a kafaɗata, ƙafa ba takalmi, don ɗayan bai bushe ba. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine ni. Amma har yau in na tuna ina zaune ina tsince wake alhali ina zaton ɗana yana cikin rijiya, sai jikina ya yi sanyi. Wallahi ba zan sake wannan zaman ba, ko a gaban wa.