Zuwa Sabon Gari da Disasshiyar Murya

Litinin: Daga gida zuwa Kano

Na fito ƙarfe huɗu da rabi na asuba, cikin watan Satumba na 1956. Ban yi sallama da kowa ba, don ba kowa a gidan. Na sa wa ƙofa kwaɗo, na ɗaure akwatin kwano a bayan keke, na kama hanyar Zariya. Mil tara ne, amma an kwana ana ruwa, sau biyu ina sauka in tura keken a fadama.

Ga abin da ya fitar da ni. Ni malamin makaranta ne, sunana Yohanna, kuma shekara goma sha tara ni ke shugabancin mawaƙan majami'ar ƙauyenmu. Yadda muke yi shi ne, ni ke bayarwa, su amsa. In ja baiti da ƙarfi, mata su ɗauka, maza su biyo. Matata Rahila ce kullum ke fara amshi. Bara da bazara ta rasu. Tun daga nan na riƙa ƙara murya, ina yin nawa ina yin nata, har maƙogwaro ya gaji. Likita ya leƙa ya ce magana a hankali zan iya, waƙa kuwa in haƙura. Dattawan majami'a suka ba ni zuwa Lahadin godiyar kaka, in ban samu dabara ba, su ba wani shugabancin. Ba su yi laifi ba. Sai dai ni, in aka ɗauke mini waƙar nan, ban san abin da zai riƙa fitar da ni daga ɗaki da yamma ba.

Fastonmu ne ya ce akwai wani dattijo a Sabon Garin Kano da ke bi da mawaƙa da hannu kawai, ba ya buɗe baki. Ya rubuta masa takarda ya ba ni.

Na iso tashar Zariya bakwai saura kwata, na bar keken wurin wani akawu da na koyar da ƙaninsa. An ce jirgi ƙarfe tara, bai zo ba sai goma da minti arba'in. Na sayi ƙosai na kwabo biyu, na samu wuri kusa da taga. Wani ɗan kasuwar goro da ke gefena ya ce, "Malam, sai ina?"

Na ce, "Kano."

"Na'am?"

Na maimaita, ƙarar ƙarafa ta haɗiye maganar. Ya yi mini murmushin tausayi, ya juya wurin na damansa, suka yi ta hirarsu har Madobi. Ni kuwa na ƙirga tashoshi, Gimi, Dangora, ina kallon dawa da ta fid da kai. Mil tamanin da 'yan kai ban sake cewa uffan ba. A gadar Challawa ruwa ya cika ja wur. Huɗu da kwata muka shiga Kano.

A ƙofar fita wani ɗan sanda ya sa na buɗe akwati. Ya ɗaga littafin waƙoƙina, ya juya shi, ya dubi rigata da hulata, ya sake duban littafin.

"Naka ne?"

"Nawa ne."

"To, wuce," in ji shi, kamar wanda aka ba lissafin da bai fita ba.

Fagge

Na ɗauki akwatina a ka, na bi ta Kantin Kwari inda Kwara, wato Larabawan da ke kasuwanci a nan, ke ta rufe kantunan yadi, na shiga Fagge. Masaukina shagon Malam Isiyaku tela ne, ɗan kawuna, wato taubashina. Gidanmu ɗaya tun kakanni. Nasu ɓangaren suka musulunta, namu suka bi mishan, zumunci kuma bai yanke ba. Yana ganina ya tsai da keken ɗinki.

"A'a, bawana ya iso! Wa ya sace maka murya? Kai da ake jiyo ka daga rafi?"

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wato tun daga Zariya ka zo a koya maka kaɗa hannu? Ga ƙudaje nan cike da shago, fara da su, kyauta."

Ya shimfiɗa mini tabarma a shagon, matarsa ta aiko da tuwon dawa miyar kuɓewa. Da aka kira magariba layin nan kaf ya tashi, kowa da butarsa. Na zauna ni kaɗai ina gadin kwanon tuwo, ina jin sahun mutane ya ce amin da murya ɗaya. Ba wanda ya yi mini kallon banza a Fagge, gaskiya ce. Amma sau biyar a rana ana tashi a bar ni, kuma kowane tashi sai na ji shi a raina.

Talata: Sabon Gari

Bayan na karya da koko na fita ƙarfe takwas. Tafiyar minti ashirin ce a ƙasa. Isiyaku ya raka ni bakin titi ya tsaya, ya ce tun rigimar 'yan Arewa da 'yan Kudu shekara uku baya ba ya son shiga ba dalili. A can layuka miƙaƙƙu, gidajen kwano, ƙanshin manja da busasshen kifi. A Fagge ni Kirista ne, a nan kuma Bahaushe ne mai babbar riga. Wata mata da na tambaya inda majami'a take sai ta nuna mini hanyar kasuwa, ta ɗauka ɓata na yi.

Na samu dattijon da Fasto ya faɗa, Mista Nwosu, a shagonsa na kafinta yana goge bencin makaranta. Ibo ne, gajere, furfura ta cinye kan, shekararsa talatin a Kano. Ya karanta takardar Fasto sau biyu.

"Malam, murya ya tafi?"

"Ta tafi, Maigida."

"Ba kome. Nawa yana nan, amma shekara goma sha biyar ban yi waƙa da shi a coci ba."

Ya ba ni kujera ya ba ni labarinsa. Shekara goma yana cikin masu babbar murya a layin baya. Shekara biyar yana kwafe do-re-mi a takarda yana raba wa mutane. Sai da maigidansa, shugaban mawaƙan, ya koma ƙasarsu sannan aka ce ya fito gaba. Ya ce ranar da ya fito gaba, ranar abokansa suka daina kiransa shan shayi, don wanda zai ce maka ka yi kuskure ba a sakewa da shi. Ya kunna mini garmaho, wani faifai na wasan kwaikwayon Turawa wanda duk maganarsa waƙa ce. Ya ce mai bi da su a rami yake tsayawa gaban dandali, 'yan kallo ƙeyarsa kawai suke gani har a tashi. Na ce a raina, ashe ko a can aikin na mutum ɗaya ne.

Ƙarfe biyar na je kallon gwaji, don suna shirin tasu godiyar kaka. Mutum wajen arba'in, layi huɗu. Dattijon nan ya ɗaga hannu, ɗakin ya yi tsit, ya sauke, murya huɗu suka fito lokaci guda. Tsikar jikina ta tashi. Na ji kishi kuma, ba zan ɓoye ba.

Laraba

Yini guda a shagon. Ya jingina katakai huɗu a bango ya ce su ne mawaƙana. Ya koya mini kaɗa hannu: ƙasa, hagu, dama, sama. Ƙasa, dama, sama. Na yi ta yi har kafaɗa ta riƙe. Da rana matarsa ta kawo sakwara da miyar ganye mai yaji, na ci ina hawaye tana dariya. Da la'asar Mista Nwosu ya ce hannuna ya yi kyau. Na koma Fagge ina jin na gama. Isiyaku ya ce in gwada masa, na gwada, ya ce ko mai ba motoci hannu a bakin tasha sai haka.

Alhamis

Biyar da kwata ya tsai da ni gaban mawaƙansa. Ya zaɓi waƙar da muke da ita da Hausa, su kuma da harshensu, karin ɗaya ne. Mai molon coci, irin wanda ake takawa da ƙafa, ya taka ya ba da sauti. Na ɗaga hannu na sauke daidai yadda na yi wa katakai. Mutum uku suka shigo, sauran suka biyo a warwatse. Na sake, haka. A karo na uku tsohon hali ya motsa, na buɗe baki in ja baitin, abin da ya fito kamar ana jan ƙofar kwano. Wata a layin gaba ta rufe bakinta da littafi.

Mista Nwosu ya sallame su, muka zauna a benci mu biyu.

"Malam, me ka ajiye a ƙasa?"

"Ban gane ba, Maigida."

"Tun da ka tsaya, siminti kake kallo. Siminti zai yi maka waƙa?"

Na ce masa layin gaba duk matan mutane ne. A wurinmu namiji mai mutunci ba ya tsura wa matar wani ido. A gida ma abin ya fi haka, don a bencin gaba surukata ke zama, Inna Hannatu, mahaifiyar Rahila. Tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon fuskarta ba, a hanya ma in na hango ta ratsewa nake yi. Shekara goma sha tara ina bayar da waƙa idona a ƙasa ko a rufe, murya ce ke yin aikin.

Ya ce, "Hannu ƙarya ne, Malam. Hannu don mutanen baya ne. Abin da suke bi, ka kalle su, ka ja numfashi, su ja tare da kai. In ba ka kalle su ba, ba su san yaushe za su ja ba. Kunya naka yana da kyau. Amma ko kunya, ko waƙa."

Na koma Fagge a hankali, ban ko lura da yayyafi ba. Na faɗa wa Isiyaku, ina jiran tsiya. Bai yi ba. Ya daɗe yana warware zare, sannan ya ce, "Yohanna, tsakaninka da Allah, surukarka kake kunya, ko gefen da take zaune ne ba ka son gani?"

Gefen Inna Hannatu na dama nan ne wurin Rahila.

Jumma'a

Fagge ta watse zuwa masallacin cikin gari, na yini a shago ni da keken ɗinki. Ƙarfe biyar na sake tsayawa gabansu. Na ɗaga kai da ƙyar, wuyana kamar an ɗora masa buhu. Idona ya faɗa kan wata dattijuwa mai tabarau. Ba ta ga wani abin kunya ba, jira kawai take. Na ja numfashi, na ga kafaɗunsu sun ɗaga tare da nawa, na sauke hannu, suka shigo gaba ɗaya. Mun kai ƙarshen baiti uku ba tuntuɓe.

Mista Nwosu bai yabe ni ba. Cewa ya yi, "Waɗannan ba su san ka ba, shi ya sa ya yi sauƙi." Na tambaye shi abin da zan ba shi, ya ce in rubuto masa yadda aka yi.

Asabar: Komawa

Isiyaku ya raka ni tasha shida da rabi, ya cusa mini sabuwar hula a aljihu, ya ce in rufe sanƙona kada in kashe wa mawaƙa ido. Jirgi ya tashi bakwai da minti goma, ɗaya saura muna Zariya. Na karɓi kekena, na ci abinci na huta, hanya ta ɗan bushe, huɗu saura kwata ina ƙauye. Ran Asabar ƙarfe huɗu muke gwaji, don haka ban biya gida ba, da akwatin na wuce majami'a.

Su ashirin da biyu suna zaune, da dattawa biyu a baya wai sun zo shan inuwa. Aka yi mini sannu da zuwa. Na ce musu yau ba zan bayar ba, su dube ni kawai, in na ja numfashi su ja, in na sauke hannu su fara. Na faɗi waƙar da za a yi, wadda kowa ya sani tun yana yaro. Matan suka dubi juna, suka sunkuyar da kai. Su ma ai ba su saba kallona ba.

Na ɗaga hannu. Na ɗaga ido.

Bencin gaba na mutum shida ne, su biyar ne a kai, sun matsu a gefe guda. A daman Inna Hannatu sun bar wurin mutum ɗaya. Fiye da shekara suna barinsa, ni ban sani ba, don ban taɓa dubawa ba. Hannuna ya tsaya a sama ya ƙi saukowa.

Duk kawunan na ƙasa sai na Inna Hannatu. Ta dube ni sosai, karo na farko a rayuwarmu, na ga ashe idanun Rahila nata ne. A hankali ta ce, "To, ɗana, ja mu tafi."

Na ja numfashi, ta ja. Na sauke hannu, ta fara amshin da muryarta ta tsufa, matan suka ɗago suka bi ta, maza suka shigo. Shekara goma sha tara ban taɓa jin su ba, muryata ce ke cika mini kunne. Ran nan na ji kowa, na kuma ji daidai inda babu Rahila. Hawaye na zuba ban share ba, don hannun na aiki. Da muka gama, ɗaya daga cikin dattawan ya tashi ya ce ba sai an jira godiyar kaka ba, in ci gaba da shugabancin mawaƙa.

Na isa gida shida saura, na buɗe kwaɗo, ɗakin na nan yadda na bar shi. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Mista Nwosu da matarsa, da taubashina Isiyaku mai bakin tsiya, da Fasto da ya rubuta takarda. Inna Hannatu kuwa har gobe in na hango ta a hanya ratsewa nake yi. Ran Asabar da Lahadi ne kawai nake duban fuskarta, kuma wurin nan na damanta har yanzu ba wanda ya zauna.