Wayoyi Biyu a Kafaɗar Tsoho

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, maƙwabcinmu a Tudun Wada, wani Alhaji ɗan kwangila, ya sayo talabijin mai ƙofar katako. Lokacin ina aji huɗu. Da aka ba da hutun ƙarshen shekara, bayan la'asar yaran layinmu sukan jera takalma a bakin falonsa su zauna a kan leda. Babbar 'yarsa, wadda take sa'ata, ita ke tsayawa a ƙofa tana zaɓen mai shiga.

A hutun nan an yi ta maimaita wani fim na Turawa. Wani tsoho mai farin gemu yakan sauko daga sama da kyaututtuka, amma yaran da suka gaskata da shi kaɗai yake ba. Akwai wata yarinya mai tabarau da ta ce ƙarya ne, a ƙarshe ita kaɗai aka bari a bakin taga ba komai a hannunta. Duk ranar da aka zo wurin nan, sai falon ya ɗauki tafi.

Ni a gefe nake zama, dab da gilashin talabijin ɗin. Daga nan na hangi wayoyi biyu sirara a kafaɗun tsohon, suna ƙyalli idan ya juya. Sai da na sake ganinsu washegari sannan na raɗa wa ta kusa da ni. Ita kuwa ta ɗaga murya.

"Kun ji wai da waya ake jan sa!"

'Yar gidan ta miƙe. "Ke da ko rediyo mai kyau ba ku da shi, ke za ki gaya mana? Tashi, mai tabarau."

Alhaji yana wucewa da buta a hannu. Ya yi dariya ya ce, "'Yar Malam, kin cika ido." Ya san gaskiyata ce. Ya wuce alwalarsa.

Sharaɗin komawa da 'yar gidan ta kafa mini ɗaya ne: in rantse ban ga komai ba. Kwana huɗu na yi a tsakar gidanmu ina tsintar shinkafa, kiɗan fim ɗin yana tsallako katanga. A islamiyya na taɓa jin cewa azumin kwana uku yana share rantsuwa, na ga ai zan iya. Ranar ta biyar na je na ce wallahi ban ga waya ba. Aka zaunar da ni can baya wurin takalma, inda ko fuskar tsohon ba na gani sosai. Sunan mai tabarau kuma ya bi ni har makaranta.

Da safe na sami Baba a zaure yana duba littattafansa. Na durƙusa na tambaye shi yaushe zan fara azumin. Ya sa na faɗa masa komai, bai katse ni ba.

"Kin san kin gani lokacin da kika rantse?"

"Na sani, Baba."

"To irin wannan rantsuwa ba ta da kaffara, uwata. Sai tuba."

Ya mayar da idonsa kan takarda, ya ce daga yau kada ƙafata ta sake taka gidan Alhaji. Sauran hutun a tsakar gida na ƙarasa shi.