Tsohon da ya ƙi barin Dutsen Bromo

Muna idar da sallar asuba muka bar Al Qusais, unguwarmu a Dubai, ni da abokin aikina ɗan Indonesiya da muke zama gida ɗaya. Shekara uku yana ba ni labarin dutsen garinsu mai aman wuta, Bromo. Wannan karon ya ce in raka shi. Zai je ya lallashi mahaifinsa ya bar gonarsa da ke jikin dutsen ya koma birni, wai ƙila tsohon ya ji nauyin baƙo.

Jirgi biyu muka shiga kafin Surabaya, daga can mota ta yi ta hawa da mu. Hanyar siririya ce, kwana bayan kwana, direban kuma hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a buhun gyaɗa. Na yi salati fiye da na wata guda. Da muka kai sama sai ga gajimare a ƙasanmu, a kwance kamar an shimfiɗa auduga, gonakin kabeji da albasa suna rataye a gangare. Ni da na baro zafin Dubai, sai ga ni ina neman aron rigar sanyi.

Mahaifiyarsa ta tarbe mu da shinkafa, soyayyen waken suya da wani yaji da ya sa ni, Bakano, hawaye.

Washegari Baba, mahaifin abokina, da kansa ya kai mu ganin dutsen. Muka ratsa wani fili na baƙin rairayi, babu ciyawa, babu tsuntsu, sai dawakai suna ɓullowa daga cikin hazo su sake ɓacewa. Na ji kamar ina tafiya a mafarkin wani. Muka hau matakala har bakin ramin. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya fara iso mu, sannan ƙugi daga can ƙasa, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Farin hayaƙi yana tashi a hankali. Abokina ya ce filin da muka ratso duka bakin wani tsohon dutse ne da ya rufta, Bromo kuwa ɗan baya ne da ya tsiro a cikinsa, shi ya sa bai san zama ba.

A nan ya kawo maganar, yana fassara mini. Ya tuna wa tsohon yadda dutsen ya yi watanni yana zubar da toka ba da daɗewa ba, ta kashe dankalinsu, ta karya rufin kicin.

Baba ya daɗe yana kallon hayaƙin. Ya ce, "Sau huɗu ya yi mini haka. Ya ci noman shekara ɗaya, tokarsa ta zama taki, ya ba ni na shekara goma. A birni wa zai ba ni ƙasa irin wannan?"

Abokina ya dube ni. Na ce, "Baba, ɗanka tsoro yake ji." Tsohon ya dafa kafaɗar ɗansa, ya ce, "Ni ma ina ji. Idan hukuma ta ce a sauka, ina sauka. Amma zan dawo."

Kwana biyar muka yi. Da jirginmu ya sauko kan fitilun Dubai, abokina ya ce, "Khalas, shi ke nan, na haƙura. Hutuna zan riƙa ɗauka lokacin girbi, in je in taya shi."

Na tafi kallon wuta, na dawo da sanin cewa mutum yana iya jin tsoron wuri kuma ya fi ƙaunarsa da ko'ina. Ina ajiye jaka na kira mahaifina a Ɗambatta, wanda na daɗe ina matsa wa ya bar gona ya dawo cikin Kano. Ya ɗauki wayar a shirye da musu. Na ce, "Baba, yaya gero?" Sai ya fara ba ni labari.