Wanda Ya Riƙe Igiyar Ɗan Tumbi

Ku da kuka zauna da mahaifina, Tanimu Mai-Igiya, a nan Inugu, kun san ranar Lahadi bayan la'asar ba ya zuwa ko'ina, ko da ɗaurin auren wa ake yi. In dai an kawo wuta, sai ya shimfiɗa buzunsa gaban talabijin, ya yaye ƙyallen da ya lulluɓe bidiyo da shi, ya yi bisimilla kamar mai shirin yanka, sannan ya danna. Fim ɗaya ne, tun ina goye har na yi aure na haihu.

Yadda aka yi ya same shi, akwai kukun wani Bature ɗan Italiya mai aikin hanya, da ke sayen nama wurin su Baba a kwata. Da Baturen ya tashi komawa gida sai ya bar wa kukun bidiyo, kukun kuma ya miƙa wa Baba, don kaset ya maƙale a ciki ya ƙi fita. Baba ya ce abin da ya ƙi fita rabonka ne, ya ɗauro shi a bayan keke ya kawo gida.

Fim ɗin kuwa, Allah na tuba, shirme ne tsagwaronsa. Jarumin wani ƙaton ɗan Italiya ne mai gashin baki, ya cusa kansa cikin matsattsun jajayen kaya, ya ɗora ɗan kamfai a kan wando, ya rataya wani ƙyalle a wuya da Baba ya rantse zanin matarsa ne ya sato. Ba mu san sunansa ba, don farkon kaset ɗin ya goge, sai Baba ya raɗa masa Ɗan Tumbi. An ɗora masa Turanci a baki, sai ka ga ya rufe baki tuni amma magana na ta zuba. Dodon da yake faɗa da shi ana hango zif a bayansa. Akwai wani ɗan daba da ake dokewa sau uku a fim ɗin, kowane zuwa da sabon gemu. In kuma Ɗan Tumbi ya tashi sama zai ceci mutane, igiyar da aka rataye shi da ita a fili take, ko mai hakiya zai gan ta.

Mu dariya muke yi. Baba igiyar yake kallo.

Don ita ce sana'arsa. A kwata wuƙa ta wani ce, nama na wani ne, suna na Sarkin Fawa. Shi aikinsa ya riƙe igiyar ƙafar baya har a kayar da sa, kuma in ya saki, wani zai kwana a asibiti. Tafin hannunsa ya yi kanta har allura ba ta shiga ta daɗi. Saboda haka in Ɗan Tumbi ya karkace a sama, sai ka ji Baba ya ce mutumin ya gaji, hannun hagunsa ne ke masa ciwo. In ya sauka lafiya, sai ya ce sannu da ƙoƙari, ba da jarumin yake ba. Ya gina mutum guda cur a bayan allon nan, har ya yanke cewa gajere ne mai iyali da yawa. Abu ɗaya ke cin ransa: kaset ɗin ya yanke kafin ƙarshe, inda aka ce masa ana jero sunayen ma'aikata, shi kuwa sunan mai igiyar yake son ji.

Maƙwabcinmu Oga Emeka, mai gyaran rediyo a unguwar Coal Camp, ya sha roƙonsa ya bari ya buɗe bidiyon ya zaro kaset ɗin kyauta, mu ma mu ga wani abu daban. Ran nan ya gaji ya ce, "Tanimu, dis film never tire you?" wato fim ɗin nan bai gajiyar da shi ba? Baba ya ce masa wanda ke riƙe da igiyar bai ce ya gaji ba, sai shi da ke zaune? Da Oga Emeka ya matsa, sai Baba ya gaya masa gaskiya. Ya ce shi da ke wuni cikin jini, a fim ɗin nan kaɗai ya taɓa ganin an jefo mutum daga bene ya tashi ya kaɗe hularsa ya tafi. Daga ranar Oga Emeka bai sake zancen sukundireba ba, shi ma ya riƙa zuwa da kujerarsa.

Mijina ma ya gwada sa'arsa. Ya kawo masa sabon fim na Amurka a kwamfuta, wanda jarumi ke keta gajimare kamar gaske. Baba ya ƙura ido ya nemi igiya bai gani ba. Aka ce masa ai yanzu na'ura ce ke yi. Ya ture kwamfutar a hankali, ya ce, "To wannan ƙarya ce. Ɗauke."

Ga inda nawa laifin yake. Lokacin da zan shiga makarantar koyon aikin jinya, takarda ta tambayi sana'ar uba. Na duba, na kasa rubuta mai riƙon igiya a kwata, sai na rubuta ɗan kasuwa. Baba bai iya boko ba, amma ba ya dangwala yatsa sai an karanta masa. Na karanta. Ya dangwala, ya ce, "Allah ya yi wa kasuwar albarka, Uwani." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci, har yana musu da mutane wai unguwar Uwani ta nan Inugu ma sunana aka sa mata. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban iya ba, amma ta zauna mini a ƙirji kamar na haɗiyi ƙashi.

Da ciwo ya kwantar da shi bara, ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da nake gani. Na shiga neman fim ɗin a waya ba suna ba komai, sai kwatancen tumbi da jan kaya, har Allah ya sa na dace. Na kai masa da hantsi, na jingina shi da filo. Ƙarshen da ya yi shekaru yana jira, ashe Ɗan Tumbi ne ke faɗawa cikin ƙatuwar tukunyar taliya, dodon ya cire kai su zauna su ci tare. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sai sunaye suka fara hawa, ya ce in karanta, kada in tsallake kowa. Na karanta mai kyamara, mai ɗinki, mai kiɗa, har mai gyaran gashi.

"Babu shi?"

"Babu, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ce dama ya sani, ko'ina haka ake yi. Na kama tafin hannun nan nasa, na ce, "Ni na san sunan wanda ya riƙe tawa. Tanimu Mai-Igiya, na kwata."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ashe ba ɗan kasuwa ba ne?" Na fashe da kuka. Ya ɗan matse hannuna da sauran ƙarfinsa, ya ce, "Kin fi Ɗan Tumbi nauyi, Uwani. Amma ban taɓa jin zan saki ba."

Kwana huɗu ya ƙara. Bidiyon na ɗakina yanzu, da ƙyallensa, da kaset ɗinsa a maƙale.

Ya Allah, bawanka ya riƙe mu har hannunsa ya yi kanta, bai saki ba. Ka gafarta masa, ka sanyaya makwancinsa, ka riƙe shi da rahamarka, kada ka sake shi. Amin.