Sunan 'yar fari a kan rigar matashi

Shekarun baya, cikin shekarun saba'in, muna zaune a Magariya inda maigidana ke aikin awon gyaɗa. Wata hantsi ina tankaɗe na ji ƙaras-ƙaras a bayan ɗaki. Na ɗauka ɓera ne, har na ɗauko muciya. Da na leƙa sai na tarar da 'yata ta fari, mai shekara bakwai, ta tsuguna da ƙusa a hannu tana karce bango.

A lokacin nan, ba yabon kai ba, duk unguwar babu mai hannuna a rubutu. Shekara huɗu na yi a kolej a Damagaram, lissafi ya sha kayar da ni, amma rubutu ban taɓa zuwa ta biyu ba. Alƙalamin ƙarfe ake tsomawa a tawada: in za ka sauko ka danna layin ya yi kauri, in za ka hau ka sassauta ya yi siriri kamar gashi, haruffan su kama hannun juna, babban baƙin farko ya yi wutsiya. Da aure ya zaunar da ni, sai rubutun ya koma aikin gida. In lakwal, wato makarantar boko, ta buɗe, mata su kawo kayen 'ya'yansu, littattafan rubutu ke nan, in sa suna a bangon kowanne. In biki ya zo, in zana sunan amarya a rigar matashi in bi da zare.

Suna ɗaya ne ban taɓa rubutawa ba. 'Yar fari ce, kuma ni 'yar gidan kunya ce. Ba na kiran sunanta, ba na yabonta gaban mutane. "Ke" nake cewa, ita kuma ta ce mini Yaya. Kayenta ma babanta ya rubuta, da hannunsa mai kama da tafiyar kaza.

Abin da ta karce a bangon ɗakin ran nan sunan 'yar maƙwabciyarmu ne, har da wutsiyar da nake yi masa.

Na ce, "Ke, sunan wani kike ɓata mini bango da shi?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Nata ya fi kyau. Nawa ba ya yin kyau, shi ya sa ba kya rubutawa."

Na tsaya da muciya a hannu kamar wata sakara. Ga shi saura kwana huɗu uwar mijina ta tafi da ita Dungas riƙo, an gama magana tun bara, tsohuwar ma ta riga ta iso. Wato da wannan tunanin yarinyar za ta bar gidana.

Bayan azahar na tura ƙyaure, na yi bisimilla, na ɗauko takarda. Zanen farko na cika shi da lanƙwasa da ganye, don in nuna gwaninta. Da na duba sai na yi wa kaina dariya: wadda ke ajin farko ina za ta gane wannan? Na yage. Na sake yi, na rage ado, na buɗe cikin kowane harafi, wutsiya ɗaya tak na bari. Sannan na ɗora shi a farin ƙyalle. Inda layi ke da kauri na sa zare uku, inda yake siriri zare ɗaya, shuɗi.

Rana ta biyu tsohuwa ta turo ƙyauren ba sallama. Na cusa ƙyallen ƙarƙashin cinya.

"Me ake ɓoyo, 'yar boko?"

"Fure ne nake yi, Inna."

Ta miƙo hannu, dole na ba ta. Ta juya shi sama da ƙasa. "Fure a jere kamar tururuwa? Ban yi lakwal ba, amma ba makauniya ba ce ni. Na wannan yarinyar ne?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ajiye mini shi a cinya ta ce, "Mu dai baki aka hana mu. Ban ji an hana allura ba. Ki ƙara zare a nan, ya yi rama."

Yarinyar ta tafi, a Dungas ta girma, sai hutu take zuwa. Yau tana da jikoki, kuma har yanzu bakina bai iya sunanta ba, kun ga ko a nan ban rubuta shi ba. Ban ga laifin kunyarmu ba, tarbiyya ce, ina kuma gode wa Allah da ita. Abin da na gane kawai shi ne babba ya san me shirun yake nufi, yaro bai sani ba. In ba a nemo masa wata hanya ba, da kansa zai fassara, kuma ba daidai zai fassara ba.

Safiyar tafiyar, na ɗora rigar matashin a saman ƙunshin kayanta na ce, "Ke, zo ki ɗaure kayanki." Na juya ina gyaran gadon da na riga na gyara. Ina jin ta tana bin zaren da yatsa, tana haɗa haruffan ɗaya bayan ɗaya a hankali, yadda mushensu, malamin ajinsu, ya koya musu. Ta kai ƙarshe, ta sake komawa farko. Sai ta jawo bakin zanena ta ce, "Yaya, ashe kin san sunana."